Safiyar Da Lorena Ta Kashe Oba-oba

GIDA MAI TAYA
Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo da cewa na tsani Dalton, ku sassauta min, ban tsane shi ba. Na yi maƙwabtaka da irinsa a zango ba adadi, har gasasshen namansu na ci. Mutanen kirki ne, kunnen ƙashi ne kawai ya yi musu yawa. Ku karanta na yau, hukunci na gare ku.

*

Ranar tashi ba a hira.

Dokar Dalton ce wannan, tun shekarar da suka sayar da gidansu na Toledo a Amurka suka koma zama cikin tirela, gidan nan mai taya da ake ja da mota, kuma matarsa Lorena ba ta taɓa karya ta ba. Shi yana waje yana kwance tiyon ruwa da wayar wuta, ita tana ciki tana ɗaure duk abin da zai iya faɗuwa a hanya. Kwanuka a cusa musu tawul, firiji a sa masa sakata, butar shayi a kwantar da ita. Ko da ido rufe za ta iya.

Yau dai hannu ne ke aiki, zuciya ba ta so.

Tun narkewar ƙanƙara suke Zangon Alder, can ƙuryar arewacin Michigan. Dalton na yankan ciyawa da gyaran famfo, ita tana karɓar baƙi a ofis, ladansu filin da suka ajiye gidansu da ɗan abin cefane. Ba su taɓa daɗewa a wuri ɗaya haka ba. Yanzu sanyi ya kawo kai, yau mai zangon zai tsiyaye ruwan bututu ya garƙame ƙofa sai baɗi. Su kuma sai Arizona, inda rana take.

Ta leƙa ta taga. Marni, 'yarsu mai shekara bakwai, tana tsaye a ƙofar zangon ta zuba wa titi ido.

Lorena ta san abin da take jira. Kullum da safe motar makaranta mai ruwan ɗorawa takan tsaya a tsallaken titi ta ɗauki Josie, ƙawarta. Marni takan ɗaga mata hannu har motar ta sha kwana, sannan ta dawo ta zauna a teburin cin abinci, wanda shi ne ajinta, uwarta kuma malamarta.

Josie ce yarinya ta farko da Marni ta tambayi sunanta tun bara. A Utah ne Lorena ta fara lura. Yarinyar ta wuni tana wasa da wata, da yamma aka ce mata, "Yaya sunan ƙawar taki?" Sai ta ɗaga kafaɗa.

"Me zan yi da sunanta, Mama? Jibi za mu tafi."

Ranar a banɗaki Lorena ta yi kukanta, don shi kaɗai ne ɗakin da ke da ƙofar rufewa.

Aka ƙwanƙwasa. Iya Arlene ce, tsohuwar da ke fili na kusa da nasu, wadda tun rasuwar mijinta take yawo ita kaɗai a 'yar motarta. Ta miƙo burodin ayaba a naɗe cikin takarda.

"Ga na hanya. Kar ki bari mijin nan naki ya cinye shi kafin ku fita daji."

"Iya, kin cika wahalar da kanki."

"Wace wahala? Ayabar ce ta nuna ta rasa mai ci." Ta leƙa gadon da Tessa, jaririyar Lorena, ke barci, ta yi ajiyar zuciya. "Ni dai har yanzu haushin gidan nan da kuka ƙi nake ji. Da ni aka yi wa tayin, da tuni na cire tayoyin motata na shuka furanni a ciki."

Lorena ta tsaya da tawul a hannu.

"Wane gida?"

"Na bayan ofis mana, mai jan rufi. Da Mista Haugen mai zangon ya ce Dalton ya zauna ya kula masa da zangon duk shekara, ku shiga gidan ku..." Tsohuwar ta dubi fuskar Lorena. "Oh ni Arlene. Bai gaya miki ba."

"Yaushe aka yi?"

"'Yar nan, ni na ɗauka tare kuka yanke."

"Yaushe, Iya?"

"Tun kafin a buɗe makarantu."

Tun kafin a buɗe makarantu. Lorena ta ajiye tawul ɗin a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Gidan nan ta san shi. Ɗaki biyu ne da murhun itace, da baho na gaske wanda mutum zai miƙe ƙafa a ciki. Sau nawa ta wuce ta gabansa da kwandon wanki tana hana idonta kallon tagoginsa?

Iya Arlene ta sulale ta fita tana yi wa bakinta faɗa.

Dalton yana cikin a-kori-kurarsa, ya leƙo da kai ta taga yana baya a hankali don ƙugiyar motar ta shiga ƙarƙashin wuyan tirelar. Duk wanda ya zauna a zango ya san wannan lokacin ko gobara ce sai ta jira. Ba a yi wa mai haɗa mota magana, don mantuwa ɗaya ta isa ta jefar da gida a tsakiyar titi.

Lorena ta je ta tsaya a bayan motar.

Ya taka birki da ƙarfi.

"Lori, kina hauka ne? Matsa."

"Sauko."

"Kin san doka. Bari in gama."

"Na ce ka sauko, Dalton."

Ya kashe motar ya sauko yana cire safar hannu. Kallo ɗaya ya yi mata, ya waiga ya hango Iya Arlene tana rufe ƙofarta da sauri, ya gane. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Da ma zan gaya miki."

"A ina? A Arizona?"

"Na san abin da za ki ce, shi ya sa."

"Ka san abin da zan ce, sai ka amsa a madadina. Sannu da ƙoƙari."

"Ki saurare ni. Aikin gadi ne fa. Sharar ƙanƙara tun daga yanzu har watan huɗu, a dajin da ko kare ba ya haushi. Ba don wannan muka sayar da gida ba."

"Don me muka sayar?"

"Kin fi ni sani."

"Na manta. Tuna min."

Ya shafa gemunsa, muryarsa ta yi ƙasa. "Don kada in zama babana. Mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'anta yana cewa in ya ajiye aiki zai kai mu mu ga teku. Ya ajiye aiki, ko taswirar bai gama dubawa ba ya faɗi a gareji. Lokacin da muke Toledo, Marni tana barci nake fita, tana barci nake dawowa. Ran nan ta kira ni 'mutumin nan', kin manta? Yanzu kullum tare muke karyawa. Yarinyar nan ta ga teku biyu. Ta ga ɓauna da idonta, ba a littafi ba. Yara nawa ne a makarantar can suka ga abin da ta gani?"

"Ta ga teku, gaskiya ne. Wa za ta ba labari?"

Ya kawar da kai yana kallon motarsa.

"Ina tambayarka. Wa za ta ba labarin? Ni da kai, da muke wurin?"

"Za ta yi wasu ƙawayen. Yara ba sa wuya."

"Ba ta tambayar sunansu, Dalton. Ka lura? Ko kana can kana ɗaukar hoton faɗuwar rana don mutanen waya su ce mun more?"

"Kar ki sako wannan."

"Zan sako. Ka ce mata 'yi murmushi', ta yi. Ka sauke wayar, ta sauke murmushin. Shekararta bakwai ta iya wannan. Ranar haihuwarta su wa suka zo? Tsofaffi ne masu sanda, suka rera mata waƙa suka koma suka sha maganinsu. Tessa kuwa likita nawa ya gan ta? Kowanne sai na faro masa labari daga haihuwa, kamar ni ce asibitin."

"To me kike so in yi? Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi."

"Kifi ba shi da 'ya mai son zuwa makaranta."

"Kin amince fa, Lori. Ba ɗaure ki na yi na jefa a mota ba. Ke kika zaɓi labulen nan, ke kika fenta sunanmu a baya."

"Na amince da shekara ɗaya. Ka ce mu gwada. Yau ina muke?"

"In muka tsaya yanzu, me zan ce wa yayanki? Shi da ya ce ba za mu kai Kirsimeti ba?"

Lorena ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Abin da ya fi ba ta takaici, ba mugu ba ne. Mutum ne da ya ƙona rumbunsa, yanzu yake tsoron a ce toka ba ta da kasuwa.

"Ashe saboda yayana 'yata ba ta da ƙawa."

"Ba haka nake nufi ba."

"Je ka wurin Mista Haugen. Yana ofis, ga motarsa can. Ka ce ka sake tunani."

"Ya riga ya ba wani."

"Ƙarya kake."

Bai musa ba. Ya sunkuyar da kai yana mayar da safar hannunsa, yatsa bayan yatsa.

"Na yi wa mutanen Arizona alkawari, fili na jiranmu. Mu je mu yi wannan sanyin kawai. In zafi ya dawo mu zauna mu yi magana, na rantse miki."

"Haka ka ce bara."

"Rana na yi. Ina so mu fita dajin nan kafin ƙanƙara ta sauko."

Ya koma motarsa ya tayar.

Da ta juyo sai ta ga Marni zaune a matakalar tirela, da 'yar jakarta ta goyo a kan cinya. Tun yaushe take wurin, Allah kaɗai ya sani. A gidan da bangonsa bai fi kaurin kwali ba, babu faɗan manya, kowane faɗa na kowa ne.

"Marni, kin yi sallama da Josie?"

"Mun yi jiya."

"Zo in sa miki rigar sanyi."

Yarinyar ta miƙe ta ba ta hannuwa. Lorena ta zuge mata zif har wuya, ta gyara kwalar, inda ta rubuta lambar wayarta da alƙalamin da ba ya gogewa. Sauran yara adireshin gidansu ake sa su haddace. Marni ba ta da shi, sai lamba a wuyan riga.

"Mama, da gaske akwai gida?"

Lorena ta sake gyara mata kwalar. "Maganar manya ce. Kar ki damu kanki."

"Mai jan rufin?"

"Na ce ki bar shi."

Marni ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, kuma rashin kukan ne ya fi tsaya wa uwar a rai.

"Yau motar Baba zan shiga."

Kullum ita ke zaɓa, wani lokaci a-kori-kurar uban da ke jan gida, wani lokaci ƙaramar motar uwar da ke bin baya da Tessa. Amma yau maganar ta soki Lorena. Ita ta tsaya ta yi faɗa saboda yarinyar nan, ga shi uban ta zaɓa.

"To. Je ki. Ki sa bel."

Marni ta rungume ta a ƙugu, ta ƙanƙame ta fiye da yadda ta saba, sannan ta zagaya ta ɗaya gefen tirelar.

Sauran aikin Lorena ta yi shi ne kamar wadda aka yi wa dole. Ta janyo ɓangaren falon da ake turowa waje in an yada zango ya shige ciki, ta naɗe matakala, ta kulle ƙofa. Tessa ta farka da kashi har gadon baya, sai da ta canza mata komai a kujerar mota. Tana cikin haka ta ji hucin birkin motar makaranta daga can bakin titi. Ta gode wa Allah da Marni tana cikin a-kori-kura, ba za ta ga wucewarta ba.

Dalton ya ja gidan zuwa ramin zubar da ruwan banɗaki, ya gama, ya zagaya yana bubbuga tayoyi. Ko sau ɗaya bai dubi inda take ba. Ita ma ba ta dube shi ba.

Ta shiga mota. Oba-obar da suke magana da ita tsakanin motocin biyu ta yi ƙara a kan kujerar gefe.

"Kowa ya shiga?"

Al'adarsu ce, ba su taɓa motsa taya ba tare da ita ba. Shi zai tambaya, ita ta ce, "Ni da Tessa," ko "Ni da Tessa da Marni," shi kuma ya faɗi nasa. Marni takan ƙara da cewa, "Da gida!" su yi dariya, sannan a tashi.

"Lori, kowa ya shiga?"

Ta ɗauki oba-obar ta dube ta. Wai kowa ya shiga. Yaushe ya fara tambayar ra'ayin wani kafin ya ja mota?

Ta murɗa ta kashe, ta jefa ta ƙarƙashin kujera.

Ya ɗan jira. Sannan fitilun birki suka mutu, gidan ya motsa.

Hanyar dajin doguwa ce, babu gari, waya ma ba ta kamawa. Itatuwa sun zubar da ganye, sama ta yi toka-toka. Abin da Lorena ke gani a gabanta kawai bayan tirela ne, da sunansu da ta fenta da hannunta, da taswirar ƙasar da Marni ke liƙa wa tambari duk jihar da suka kwana. Taswirar ta kusa cika.

Ta yi ta auna abin a ranta, don ba ta son ta zalunce shi. Akwai safiyar da suka farka a bakin teku a Oregon, Dalton ya ɗora Marni a wuya suna ihu da igiyar ruwa, ita kuma ta ce a ranta ko yau ta mutu ta ci riba. Wannan ba ƙarya ba ne. Mijin da ta aura ya dawo mata a hanyar nan, bayan da aikin sito ya kusa cinye shi. To amma wa ya biya? Ba ita ba, ita ta ga makaranta, ta yi ƙawaye, ta san titin da ta girma. Ba shi ba. Wadda ba a tambaya ba ita ta biya, kuma ba ta taɓa cewa uffan ba.

A gidan Toledo akwai dogaran ƙofar kicin inda suke zana tsawon Marni da fensir. Sun sayar da gidan da zanen a jiki. Yanzu ko nawa ta ƙaru, Lorena ba ta da inda za ta duba.

Ta yanke shawara. In sun tsaya shan mai za ta ɗauko Marni ta dawo da ita motarta, ta ba ta haƙuri, ta gaya mata gaskiya. Ta bar wa Dalton nasa shirun ya yi ta ja.

Ƙanƙara ta fara saukowa tsilli-tsilli lokacin da suka fito daga dajin. Rana ta kusa tsakiya. Dalton ya kunna sigina ya shiga wani gidan mai, ya tsaya can layin manyan motoci. Ita ta tsaya gefe ta juya tana ba Tessa madara.

Sai ga shi ya fito daga kanti da kofi biyu a hannu. Ya ƙwanƙwasa gilashinta. Ta sauke kaɗan.

"Ga naki. Wannan shayin cakulan ne, na Marni." Muryarsa a sanyaye, irin ta mai neman sulhu. "Na yi tunani a hanya, Lori. Bari mu yi magana. Ta yi barci ne?"

"Ni kake tambaya?"

Ya sunkuyo ya leƙa kujerar baya. Tessa ce kaɗai, da burodin Iya Arlene.

"Ina take?"

"Tana motarka."

"Ta ce min motarki za ta shiga."

Kofin shayin Marni ya suɓuce daga hannunsa ya fashe a ƙasa.

Lorena ba ta san lokacin da ta fita ba. Ta buɗe a-kori-kurar, kujerar Marni wayam, bel ɗinta a rataye. Dalton ya ruga ya buɗe tirela. Suka shiga suna kiran sunanta. Gadonta na sama, banɗaki, ƙarƙashin tebur, akwatin kaya na waje. Babu Marni. Babu jakarta, babu buroshin haƙorinta.

"Na tambaye ki," in ji Dalton, muryarsa kamar ba tasa ba. "Sau biyu na tambaya."

"Na sani."

"Na ɗauka fushi ne ya hana ki amsawa."

"Fushi ne."

Zangon yanzu an kulle shi. Babu ruwa, babu wuta, Iya Arlene ta kama hanyarta, ga tafkin da ke bakin zangon a buɗe, ga ƙanƙara tana ƙaruwa. Lorena ta zauna a ƙasa cikin tirelar.

Wayarta ta fara kaɗawa a aljihu, saƙo kan saƙo, yanzu da ta samu layi. Kiran da aka rasa, duk daga lamba ɗaya wadda ba ta sani ba. Kafin ta danna, lambar ta sake shigowa.

"Halo? Halo?"

"Da Misis Pruitt nake magana?" Muryar mace ce, a natse. "Sunana Misis Lindahl, ni ce shugabar makarantar firamare ta garin Alder. Tun safe nake neman ki. Akwai wata yarinya a ofishina, lambarki na gani a wuyan rigarta."

"Marni. 'Yata ce. Lafiyarta ƙalau? Don Allah lafiyarta ƙalau?"

"Lafiyarta ƙalau, ta ci abinci. A motar makarantarmu ta zo da safe tare da ƙawarta. Direban ya saba ganinta a bakin titi, ya ɗauka an sa ta makaranta ne. Ta shiga aji ta samu kujera ta zauna."

Lorena ta toshe bakinta da hannu. Dalton ya durƙusa ya kara kunnensa a wayar.

"Ga mu nan zuwa, yanzu za mu juyo. Ba ni ita in ji muryarta."

Matar ba ta ba Marni wayar ba.

"Misis Pruitt, gara in gaya miki tun yanzu. Da na kasa samun ki, dole na sanar da hukumar kula da yara. Ma'aikaciyarsu tana nan zaune, za ta jira ku."

"Hukuma? Kuskure ne kawai, mu ba..."

"Mun tambayi yarinyar ina ne gidansu. Ta ce gidansu ya tafi."

Dalton ya runtse ido.

"Ba ni ita," in ji Lorena. "Don Allah ki ba ta wayar."

Aka ji motsin kujera, aka ji matar tana magana ƙasa-ƙasa da wata can nesa. Sannan ta dawo.

"Ki yi haƙuri. Ta ce ba za ta karɓa ba. Ta ce in tambaye ku, in ta yi alkawarin ba za ta dami kowa ba, za ku bar ta a nan?"